Takardar Kaka da Amanar Iyali a Amurka

A ƙasar Amurka, idan kaka ta kama, ganyayen itatuwa suka yi ja suka fara zuba, watau daga tsakiyar Oktoba zuwa cikin Nuwamba, akwai wata takarda da takan iske mafi yawan masu cin albashi a manyan ma'aikatu, ko cikin ambulan ko ta kwamfuta, tana sanar da mutum cewa an buɗe ƙofar zaɓen inshorar lafiya da sauran alfanun aiki na shekara mai zuwa, kuma ƙofar nan, bayan mako biyu ko uku, za a mayar da ita a rufe. Abin da mutum ya zaɓa cikin waɗannan 'yan kwanaki shi zai ɗaure shi tun daga 1 ga Janairu har ƙarshen Disamba, ba shi da ikon sauyawa sai fa in wani babban al'amari ya auku gare shi, kamar aure ko haihuwa ko rasa wata inshorar da yake ƙarƙashinta, nan ma galibi kwana 30 kacal ake ba shi.

Na ga irin wannan ambulan da idona a gidan wani ƙanena a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan'uwanmu masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Nijeriya suke zaune da iyalansu. Yana ajiye a kan firji, an danne shi da jadawalin lokutan salla, ko bakinsa ba a ɓarke ba, alhali saura kwana uku wa'adi ya cika. Na ce masa, "Wannan fa, me kake jira?" Ya ce, "Yaya, ai na cika bara. In ban taɓa ba, sai su bar ni a kan na bara." Mai ɗakinsa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta juyo da muciya a hannu ta ce, "Yaya, don Allah ka yi masa magana. Likitar yarinyar nan ta faɗa mini daga sabuwar shekara ba za ta ƙara karɓar irin katinmu ba." Yarinyar kuwa tana fama da ciwon asma, kuma shekara huɗu ke nan likita ɗaya ke duba ta.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. Maigidan da ya bar takardar nan a rufe har wa'adi ya wuce ya yi sakaci da wani yanki na nafaƙar da shari'a ta ɗora masa, domin a ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti yake iya cinye albashin wata, neman magani ga iyali ba ya rabuwa da ci da sha da tufafi da muhalli. Ban ce da gangan yake yi ba, kuma na san gajiyar mutumin da ya wuni tsaye a ɗakin ajiyar kaya ya dawo gida bayan isha. Amma gafala, ko da tana da uzuri, ba ta hana sakamakonta zuwa.

Mai karatu a gida zai iya tambaya, me ya haɗa maganin mutum da wurin aikinsa tun farko? Asalin abin ba wata hikima ce da aka zauna aka tsara ba. A 1929, asibitin Jami'ar Baylor da ke Dallas ya ƙulla yarjejeniya da malaman makarantun birnin, kowa ya riƙa biyan santi 50 a wata, a ba shi jinyar kwana 21 a shekara in ta kama, daga nan ne abin da aka sani da Blue Cross ya samo tushe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta yi doka a 1942 ta ƙayyade ƙarin albashi, masu masana'antu kuwa, da yake ma'aikata sun yi ƙaranci kuma an hana su jan hankalin mutane da kuɗi, sai suka koma ja da inshorar lafiya, wadda hukuma ta ce ba ta cikin lissafin albashi. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa abin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji a kai. Abin da larurar yaƙi ta haifar sai ya zama al'ada, har yau mutum fiye da miliyan 150 a Amurka ta wurin aikinsu ko aikin wani nasu suke samun inshora.

Kuɗin kuma ba ƙarami ba ne. Binciken da cibiyar KFF take yi kowace shekara ya nuna cewa a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali guda ya kai dala 25,572 a shekara, daga ciki ma'aikaci yana biyan 6,296 daga albashinsa, kamfani ya cika sauran. Saboda haka ambulan ɗin da ke kan firji, in an auna shi da mizanin gaskiya, ya kai kuɗin mota, kuma na tabbata ƙanena da zai sayi mota sai ya zagaya ta sau uku, ya buɗe inji, ya kira bakanike.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne kallon abin da ake cira a wata kaɗai. Kowane tsari yana da lambobi uku da ya wajaba a haɗa su a duba tare: kuɗin wata, wanda ake cira ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba; sannan abin da Amurkawa ke kira didaktabul, watau adadin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfanin inshora ya sa hannu; sannan iyakar abin da zai iya fita daga aljihun mutum a shekara, wadda in an kai ta kamfanin ne zai ɗauki sauran duka. Mu ƙaddara, a misali kawai, an ajiye wa mutum tsari biyu. Na farko dala 100 a wata, amma sai ya fara biyan 6,000 da kansa. Na biyu dala 350 a wata, abin da zai fara biya 1,000. A kowanne kuma yana biyan kashi 20 cikin 100 na ragowar. In shekara ta wuce lafiya lau ba wanda ya kwanta, mai tsarin farko ya kashe 1,200, mai na biyu 4,200, watau mai arha ya tsira da dubu uku. Amma in matarsa tana da juna biyu, ko yaro ya karye a filin wasa, asibiti ya kawo takardar dala 8,000, to, mai tsarin farko zai ƙare da 7,600, mai na biyu 6,600, kuma, abin da ya fi wannan bambanci nauyi, na farko zai nemo dubu shida ne a lokaci guda, a ranar da hankalinsa yake tashe. Saurayi mai ƙoshin lafiya da ɗan abin da ya tara, tsarin farko ya dace da shi, musamman da yake dokar 2003 ta ba mai irin wannan tsari damar buɗe asusun HSA, inda zai riƙa zuba kuɗin magani ba tare da haraji ba, kuma kuɗin nasa ne ko ya bar aikin. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da ba shi da ajiya, hukuncinsa daban.

Kada kuma a ɗauka cewa tsada ita ce alamar nagarta. Wasu masana uku, Bhargava da Loewenstein da Sydnor, sun buga wani bincike a 2017 a kan ma'aikata kusan 24,000 na wani babban kamfani wanda ya shimfiɗa musu tsari 48 su zaɓa. Fiye da rabinsu sun ɗauki tsarin da, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba, ya fi wani da ke gabansu tsada ba tare da wani ƙarin amfani ba, galibi don tsoron babban didaktabul ya sa sun biya fiye da abin da suke gudu. Abin da ya fi sosa mini rai a cikin binciken shi ne, masu ƙaramin albashi da masu yawan shekaru su suka fi faɗawa cikin wannan asara. Nan ne nake ganin laifin ba na ma'aikaci kaɗai ba ne. Kamfanin da zai zube wa leburansa tsari barkatai cikin yaren lauyoyi, ya ce ya ba shi 'yancin zaɓe, bai sauke haƙƙin da ke kansa ba har sai ya zaunar da shi ya fahimtar da shi da harshen da yake ji. Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010 ta tilasta a ba kowa taƙaitaccen bayani mai fasali ɗaya ga kowane tsari, don a iya jera su a gwada.  Haƙƙin ma'aikaci ne ya je ofishin kula da ma'aikata ya ce a ba shi wannan takarda a kuma yi masa bayaninta, ba alfarma yake roƙo ba.

Sai batun da mai ɗakin ƙanena ta tayar, wanda shi ne ya fi saurin rushe hujjar "a bar ni a kan na bara". Kowane tsari yana da jerin likitoci da asibitocin da ya yi yarjejeniya da su, da jerin magungunan da yake biya, kuma jerin nan biyu suna sauyawa shekara shekara ko da sunan tsarin bai sauya ba. Wanda ke cikin asusun FSA kuma, wani asusun kuɗin magani daban da HSA, wanda shi kuɗinsa yawanci in ba a kashe ba cikin shekara sun tafi, sai ya sake rajista kowace kaka, ba ya bin mutum da kansa. Saboda haka nake cewa takardar nan ba ta maigida shi kaɗai ba ce. Uwargida ce ta san sunan maganin shaƙa, ta san sau nawa aka kai yaro asibiti bara, ta san ko akwai haihuwa a gaba. Cika takardar ba tare da shawararta ba kamar yanke hukunci ne ba a saurari shaidu ba.

Na san akwai waɗanda abin da ke hana su ba kasala ba ce, wasiwasi ne na addini, kuma ba na raina shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa wanda ke ɓata ciniki, ta kuma yi nuni ga inshorar ta'awuni, watau takaful, wadda tun 1979 aka kafa kamfaninta na farko a Sudan, wadda kuma malamai ke kafa mata hujja da al'adar Ash'ariyawa ta tara guzurinsu cikin mayafi ɗaya su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci, al'adar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba. To, amma ma'aikacin da ke Amurka ba a ajiye masa takaful a cikin ambulan ɗinsa ba, kuma malamai da dama mazauna can sun yi fatawa da halaccin inshorar lafiya saboda tsananin buƙata. Mai shakka ya tafi wurin malamin da ya san ƙasar ya tambaya tun wa'adi bai cika ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira barin takarda a kan firji tawakkali, domin a karatun da muka yi, tawakkali yana zuwa ne tare da riƙon sababi.

Akwai wani layi can ƙarshen takardar da ido kan tsallake, alhali ya shafi gado. Kamfanoni da yawa suna ba ma'aikaci inshorar rai, su ce ya rubuta sunan wanda za a ba kuɗin in ta Allah ta kasance. Sunan da ke kan layin nan shi za a miƙa wa kuɗin. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar Egelhoff, wani ma'aikacin Boeing da ya rasu a haɗarin mota wata biyu bayan rabuwa da matarsa bai sauya sunanta ba. Kotun ta ce ita ke da kuɗin, 'ya'yansa na auren farko suka rasa. Musulmin da ke son abin da ya bari ya bi rabon mirasi, ko ya taimaki mahaifiyarsa da ke Kumasi ko Damagaram, lalle ne ya duba layin nan kowace shekara, ya kuma shaida wa wanda ya rubuta abin da yake nufi, a gaban shaidu. Ma'aikacin Nijeriya ma wannan ya shafe shi, domin dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 kuma ta mai da inshorar lafiya wajibi. Kowa ya tambayi kansa yaushe rabonsa da duba sunan magajin da ke cikin fayil ɗinsa, da asibitin da aka rubuta masa.

A daren nan, bayan mun ci tuwo an kwashe kwanuka, muka ɓarke ambulan a kan tabarmar falo mu uku. Mai ɗakinsa ta ɗauko ledar magunguna ta zazzage, muka bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya a cikin jerin. Tsari uku ne a ciki, kuma sunan likitar yarinyar yana cikin na tsakiya, wanda ya ɗara na bara da ɗan abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba a wata. A layin magaji muka iske sunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda a lokacin shekararsa biyu da rasuwa. Ƙanena ya daɗe yana kallon sunan bai ce komai ba, sannan ya ce wa matarsa, "Miƙo mini biro."