Kafin ka turo mana da saƙon “an ga zaki”, auna shi tukuna

Akwai zaki a Accra, wannan babu gardama. Yana cikin keji a gidan namun daji da ke dajin Achimota, duk mai kuɗin shiga zai iya zuwa ya gan shi. Wanda nake da magana a kansa shi ne ɗaya zakin, mazaunin wayoyinmu. Lokaci-lokaci sai saƙon murya ya faɗo a zauren WhatsApp na unguwa ko na iyayen yara: wai wani bawan Allah ya je motsa jiki a hawan Aburi da asuba ya yi arba da zaki, wai an hango damisa a bakin daji, kowa ya riƙe yaransa. A biyo da hoto mai duhu ko bidiyo mai rawa na daƙiƙa biyar, a rufe da “don Allah a tura wa ’yan’uwa”. Kafin azahar labari ya zaga Nima da Maamobi, ya sauka Abossey Okai, ya leƙa Sabon Zongo.

Daga nan jama’a kan rabu biyu, masu turawa da masu dariya. A ganina duka ɓangarorin kasala ɗaya ke damunsu, domin babu wanda ya tsaya ya auna maganar. Alhali irin wannan labari yana aunuwa, kuma ba sai ka yi digiri a kan dabbobi ba.

Mu fara da zakin daji. A watan Janairun 2014 aka fitar da sakamakon wani bincike da masana ƙarƙashin ƙungiyar Panthera suka shafe shekara shida suna yi. Sun bi gandun daji 21 a Afirka ta Yamma inda ake zaton akwai zaki, suka same shi a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, Kainji da Yankari a Najeriya, sai babban dajin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. Ƙiyasinsu shi ne zakuna kusan 400 suka rage a yankin baki ɗaya, manyan cikinsu ba su kai 250 ba, kuma mafi yawansu suna cikin wancan daji na ƙasashe uku. Ghana ba ta cikin jerin. Hatta gandun Mole da ke arewa, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, tsakanin 2006 da 2009 an ɗaure masa kyamarori a jikin bishiyoyi, irin masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gitta. Sun kama damisa, sun kama kura, ba su kama zaki ko ɗaya ba. Har yau akwai masu cewa sun ji rurinsa a can da dare, kuma ni ba na ƙaryata kunnen kowa, amma ji daban, gani daban.

To ka duba. Zakin da zai taso daga Pendjari ya zo Ayi Mensah sai ya taka fiye da kilomita 500 cikin gonaki da garuruwa da manyan tituna. Shi kuma ba azumi yake yi ba. Babban zaki na buƙatar nama kilo biyar zuwa bakwai a rana idan aka yi kintace, ke nan zai bar gawar awaki da shanu a duk inda ya bi, makiyaya za su riga WhatsApp sanin labarinsa. Rurinsa kuma yana kai wajen kilomita takwas a dare mai shiru. Dabbar da ta kai haka ba ta ɓuya a bayan gari mutum ɗaya tak ya gan ta.

Sai dai kada masu dariya su yi saurin tafi. Shekarar 2022 ta ishe su darasi. A watan Mayun shekarar, mazauna rukunin gidajen Wonda World da ke tsakiyar Accra suka yi ƙorafi cewa akwai damisa biyu a cikin unguwarsu. Da a zauren unguwa ka fara jin wannan, da ka ce tatsuniya ce. Sai ga shi ’yan sanda sun tabbatar: damisa biyu masu zane, irin na Asiya, suna kulle cikin keji, mallakar ɗan kasuwa Nana Kwame Bediako, wanda ya ce ya kawo su ne don bunƙasa yawon buɗe ido. Bayan wata uku, ranar 28 ga Agusta, wani mutum ya haura shingen zakuna a gidan namun daji na Achimota, zaki ya hallaka shi. A ranar sai da Hukumar Kula da Gandun Daji ta fito ta ce zakin da zakanyar da ’ya’yansu biyu suna nan a killace, babu wanda ya kuɓuce. A Kano ma, cikin Oktoban 2019, zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi a gidan zu, aka kwashe kusan kwana biyu kafin a mayar da shi keji.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan dabbobin keji ne. Mutum ne ya kawo su cikin gari. (Ɗan Nima mai shekara arba’in zai iya tuna lokacin da gidan namun dajin ke Kanda, jikin Flagstaff House, maƙwabtaka da mu, kafin a tashe shi a 2006.) Saboda haka idan aka ce an ga zaki ko damisa a kewayen Accra, tambayar farko ita ce: wa ke ajiye da irinsa kusa da wurin, kuma nasa yana nan? Wannan tambaya ce mai amsa, waya ɗaya za a buga.

Yanzu batun shaida. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu ’yan Abossey Okai mun fi kowa iya bincike a kan abin da ya shafi aljihunmu. Babu wanda zai biya kuɗin giyabos don an nuna masa hoto a waya. Zai ce a kawo, ya juya shi, ya duba lamba, ya gwada shi da tsohon, ya tambayi daga wace mota aka ciro. Amma mutumin nan da kansa, a turo masa inuwar wata dabba, ko sakan biyu ba zai yi ba ya tura wa zaure goma. Da zai yi wa hoton rabin binciken da yake yi wa giyabos, da an huta.

Girma shi ne inda ido ya fi yaudara. Dabba ita kaɗai a fili, babu komai kusa da ita, ba ka iya sanin girmanta, balle da magariba, balle a waya da aka jawo hoton kusa. Kyanwar gida da ke nesa a kan dutse tana iya zama “damisa”. Nemi abin gwadawa a cikin hoton: bulo, tayar mota, turken shinge, tsayin ciyawa. In kana iya komawa wurin da rana, ka tsayar da mutum daidai inda dabbar ta tsaya ka sake ɗauka daga inda aka ɗauki na farko. Babbar zakanya ta haura kilo 100, namiji yakan wuce 150, kafaɗarsa tana kai ƙugun babban mutum. Idan dabbar hotonka ba ta wuce bulo biyu a tsayi ba, an gama magana.

Sai wutsiya. Ta zaki doguwa ce, da tukkun baƙin gashi a ƙarshe, kuma a dangin kyanwa shi kaɗai ke da wannan tukku. Kada ka dogara da geza, domin zakanya ba ta da ita, kuma zakunan yankinmu na yamma gezarsu ba ta cika yawa ba. Damisarmu ta Afirka tana da ɗigo-ɗigo kamar furanni da wutsiya doguwa ƙwarai. Mai zane-zane a tsaye kuwa ta Asiya ce, ba ta taɓa zama ’yar dajin Afirka ba. Harshenmu ma yana taimaka wa ruɗanin, tunda duka biyun damisa muke ce musu. Akwai kuma tunkun juda, mai yawon dare, mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da gajerun ƙafafu, wanda bai wuce matsakaicin kare ba. Wanda ya hasko shi da tocila cikin tsoro zai rantse maka damisa ya gani. Ƙyallin ido da dare kuwa ba hujja ba ne sam: na akuya ma yana ƙyalli, haka na kare da na mage.

Sawu ya fi hoto gaskiya. Dangin kyanwa suna tafiya da faratansu a janye, don haka sawun zaki ko damisa ba ya nuna farce, yana da faɗi a zagaye, kuma bayan tafinsa yana da lanƙwasa uku. Sawun kare da na kura suna nuna farata a gaban yatsu. Na babban zaki ya kai faɗin tafin hannun namiji. In ka ga sawu, ka ajiye biro ko kwabo a gefensa kafin ka ɗauka, kar ka tattake shi.

Shi kansa hoton, tambayi asalinsa. Wa ya ɗauka, yaushe, a ina daidai? “Wani abokin yayana” ba suna ba ne. Duba lambar motocin da ke ciki, da irin bishiyoyin, da harshen da ake magana a bayan bidiyon. Da yawa daga cikin abin da ake turo mana tsofaffin bidiyo ne na Indiya ko Kenya ko Afirka ta Kudu da aka sauya wa suna, yanzu kuma ga na’ura na ƙirƙiro hoto daga babu.

Kar wani ya ɗauka wannan cuta ta Zongo ce kaɗai. A watan Yulin 2023, a Kleinmachnow da ke bakin birnin Berlin na Jamus, wani gajeren bidiyo na dare ya sa aka baza ’yan sanda da jirage masu saukar ungulu ana neman zakanya, aka ce mutane su zauna a gida. Bayan fiye da kwana guda masana suka gwada siffar bayan dabbar da ta zaki, suka ce aladen daji ne. A Amurka kuma suna da nasu, zakin dutse da suke kira fuma, wanda masu yawon ƙafa a gabashin ƙasar ke yawan cewa sun gani, a bincika a tarar kare ne ko kyanwar dajinsu mai guntuwar wutsiya. Amma a watan Yunin 2011 mota ta buge wani na gaske a Milford da ke jihar Connecticut, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna daga Dakota ta Kudu ya taso, tafiyar fiye da kilomita 2,400. Wannan labarin masu turawa suna son sa. Su lura dai da abin da ya tabbatar da shi: gawa a ƙasa, da gashi da kashi da ya bari a jihohin da ya ratsa. Kuma ya fito ne daga inda irinsa ke da yawa har samarinsu ke fita neman sabon wuri, abin da zakunanmu ’yan ƙalilan ba su da shi.

Wani zai ce, Malam, mene ne laifin gargaɗi, ai rigakafi ya fi magani. Laifin yana da yawa, kuma a aji nake ganinsa. Na taɓa shirya wa ɗalibaina tafiyar gani da ido, iyaye sun biya, an kama mota, saƙon murya ɗaya ya sa kusan rabinsu suka janye ’ya’yansu a daren tafiya. Yaran nan sun tashi tsakanin kwata da kwano, wasunsu ba su taɓa ganin gada ko barewa da idonsu ba sai a littafi. Ranar da za su gani aka hana su saboda dabbar da babu ita. Bayan haka akwai dabbobin da ke biyan bashin tsoronmu: in aka ce damisa ta shigo, samari su fito da sanduna da adduna, abin da za a kashe a ƙarshe tunkun juda ne ko karen wani. Mafi muni kuma, idan an saba jin ƙarya sau goma, ranar da dabbar wani attajiri za ta ɓalle da gaske, mutane dariya za su yi.

In har kai ne ka gani da idonka, kar ka ruga da gudu, ka ja da baya a hankali kana fuskantar dabbar, ka tattara yara kusa da kai. In ka tsira, ka riƙe lokaci da wurin, ka kira 112 ko ka sanar da Sashen Namun Daji na Hukumar Kula da Gandun Daji, su ne masu alhakin zuwa su duba sawu. Zauren unguwa ya biyo baya, kuma da sunanka, ka faɗi abin da ka gani kawai ban da ƙari. Su ma masu kula da zaurukan nan, limamai da shugabannin matasa da mu malamai, ya kamata mu riƙa tambayar mai turowa kafin saƙo ya wuce.

Hukuma ma da nata. Tunda haɗarin gaske daga keji yake fitowa, jama’a na da haƙƙin sanin su wa aka ba izinin ajiye manyan namun daji a cikin Accra, a wace unguwa, kuma yaushe aka duba kejin na ƙarshe. Maƙwabcin damisa bai kamata sai ya ji wari ko gurnani kafin ya san da ita ba. Kuma idan jita-jita ta tashi, a fito da amsa cikin sa’o’i, da Hausa da Twi da Ga, a murya, domin a murya ƙaryar take yawo.

Masu hawan Aburi ranar Asabar, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, abin da ya fi cancantar tsoronku shi ne motocin da ke gangarowa a kwana. Masu kai yara duwatsun Shai kuma, ku sa musu takalmi rufaffe saboda maciji, ku riƙe ruwa, ku bi jagoran da aka ba ku. Gwaggon biri yana nan birjik tun daga bakin titi, ba ya jin kunyar kowa, kuma yaron da ya riƙe ledar burodi a hannu shi zai fara bi.