Baturen ƙasar Borgu ya rubuta, ɗan Landan ya ci kyauta: zare kan Maynard Eziashi

1/
Duk wanda ya kalli Ace Ventura na biyu, wanda Jim Carrey ya je Afirka neman farin jemage, ya san fuskar nan. Ouda, ɗan ƙabilar da ke yi masa tafinta yana kwaɓa magana, har ya jefa masa mashi ya soke shi a ƙafa. Mun sha dariya. Sunan mutumin Maynard Eziashi, kuma yana da alaƙa da yankinmu na Bagudo da ba kowa ya sani ba.

2/
An haife shi a Landan a 1965, asalinsa ɗan Najeriya ne. Ɗan wasan Birtaniya ne, na dandamali da talabijin da fim. A 1991 bikin fina-finai na Berlin a Jamus ya ba shi kyautar Silver Bear ta gwarzon jarumi, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Bikin nan sa'an na Cannes da Venice ne, ba taron raba kofi na unguwa ba.

3/
Fim ɗin da ya jawo masa kyautar shi ne Mister Johnson na 1990. A Najeriya aka ɗauke shi. Darakta Bruce Beresford, wanda fim ɗinsa Driving Miss Daisy ya ci Oscar. Akwai Pierce Brosnan tun kafin ya zama James Bond. Akwai Edward Woodward, mai The Equalizer na asali kafin Denzel. Akwai Baba Hubert Ogunde, wanda ya rasu a shekarar da fim ɗin ya fito. Duk cikinsu yaron nan ne ya ɗauki fim ɗin a ka.

4/
To ina Bagudo ta shigo? Ku bi ni a hankali.
Daga littafi aka ɗauko labarin, na Joyce Cary, 1939. Shi Cary ɗin jami'in mulkin mallaka ne da aka tura ƙasar Borgu a 1917, ya zauna a Kaiama, yana yanke hanyoyi da kafa gadoji. Kaiama tana Kwara yau, da nisa da mu, kada wani ya ce na ja ta zuwa Kebbi. Amma Borgu ta dā manyan kujeru uku gare ta: Bussa, Nikki da Illo. Illo kuwa a ƙaramar hukumar Bagudo take.

5/
Nikki fa? Tana Jamhuriyar Benin. A 1894 Lugard ya yi tsere da Faransawa don ya riga su ƙulla yarjejeniya a can, a 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka raba ƙasar biyu. Layin da suka ja shi ne asalin bodar da ake tare mutum a kai yau idan ya nufi Segbana daga Tsamiya. Dangi ɗaya, wasu na ƙirga naira, wasu sefa.

6/
Labarin a taƙaice: Johnson akawu ne ɗan kudu, ɗan makarantar mishan, yana aiki ƙarƙashin Di'o Rudbeck a wani garin ƙirƙira mai suna Fada. Ya ɗauki kansa Bature, Ingilar da bai taɓa gani ba yake kira gida. Rudbeck ba shi da buri sai hanyar mota. Kuɗin aiki ya ƙare, Johnson ya nuna masa yadda za a juya lissafi a ci gaba. Mai binciken kuɗi ya zo ya gano. Wa aka kora? Kun riga kun sani.

7/
Daga nan sai gangara. Aikin kanti wurin Gollup, mashayin Bature mai saurin hannu. Komawa aikin hanya, inda Johnson ya tara lebura da kiɗa da waƙa har hanya ta ɓulle. Karɓar kuɗi hannun fatake ba da izini ba. Kora ta sake biyowa. Ya shiga kantin Gollup sata, aka yi kokawa, ya kashe shi. Aka yanke masa rataya. Ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa maimakon igiya, shi kuma ya harbe shi.

8/
Wallahi wasan Eziashi a nan abin a tsaya a kalla ne. A takarda Johnson wawa ne mai washe baki. Shi ya mayar da shi mutum. Yana dariya, amma idonsa na lissafin bashin da ake binsa. Yana yabon Sarkin Ingila, kana jin yunwar mutunci ce ke magana. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaramin ma'aikaci yana ɗaukar laifin maigidansa zai gane shi nan take.

9/
Amma littafin nan ne ya ɓata wa Chinua Achebe rai yana ɗalibi a Ibadan, yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Kuma gaskiyarsa. Ni ƙorafina ma ya ɗara nasa ta wani gefe: ko banza Johnson ya samu suna da baki. Mu masu ƙasar fa? Waziri mai cin hanci, sarki mai tsoron hanya, sai taron lebura masu rawa. A garinmu ake labarin, mu kuma ado ne a bayan hoto.

10/
Yanzu ku duba abin da ya biyo bayan kyautar. 1993: Bopha!, fim ɗin da Morgan Freeman ya ba da umarni, ya fito ɗan Danny Glover, matashi mai yaƙi da wariyar launin fata alhali ubansa ɗan sandan gwamnatin ne. Rawa mai nauyi, ya kuma iya ta. 1995: Ouda, a wata ƙasar ƙarya wai ita Nibia, wadda ma a Amurka aka ɗauki dajinta. Shekara huɗu kacal tsakanin Berlin da mashin.

11/
A fim ɗin nan na Ace har da Sophie Okonedo da Adewale Akinnuoye-Agbaje. 'Yan Birtaniya uku masu jinin Najeriya, biyu a cikinsu an ce su zama ƙabilar daji. Okonedo daga baya ta shiga takarar Oscar da Hotel Rwanda. Kenan ba iyawa ce babu ba. Abin da ke kan tebur a lokacin kenan.

12/
Ba na zagin Eziashi, kada a juya min magana. Ɗan wasa haya yake biya kamar kowa, kuma ya ci gaba da aikinsa a dandamali da talabijin na Ingila. Abin da nake cewa: jarumi ba ya tsallake abin da aka rubuta masa. Kyauta ba ta haifar da rawa ta gaba, sai wani ya zauna ya rubuta ta. Masu alƙalami a lokacin kuwa akawun Bature da tafintan daji suka fi iya hangowa.

13/
Nan ne zan taɓo mu. Yaran Kebbi da Sakkwato da ke barkwanci a TikTok, akwai masu baiwa ta gaske. Amma me ke kawo mabiya da sauri? Ka ƙara wa harshenka gishiri, ka zama baƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe. Kannywood ta daɗe tana wannan: Basakkwace abin dariya, Bafulatani da sanda bai san kuɗi ba. Wannan ai Ouda ne da Hausa. Bambancin kawai, yanzu mu muke riƙe da wayar.

14/
Na san amsar: ai dariya ce, kuma tana kawo kuɗin data. Haka ne. Marigayi Ibro ma da rawar baƙauye ya ci kasuwa, ba mai musun baiwarsa. Sai dai ka lura, sau da yawa baƙauyen Ibro shi ke yi wa ɗan birni wayo. Akwai tazara tsakanin a yi dariya tare da kai da a yi maka dariya, kuma mai kallo a Kano yana ganin tazarar ko da kai ba ka gani ba.

15/
Kuma ba labari muka rasa ba. Agusta 2019 aka rufe boda, sai Disamba 2020 aka fara buɗe wasu. A tsakanin nan me ya faru a Lolo, a Tsamiya, a Illo, a Kaoje? Manomin shinkafa ya ga farashi ya yi masa daɗi. Ƙanensa ɗan kabu-kabu, mai ɗauko buhu ta hanyar daji, ya zama ɗan fasa-ƙwauri a idon hukuma. Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Wa ya ɗauki wannan a fim?

16/
Ga Johnson na yau ma a zaune, ba sai an nemo shi ba. Yaro mai Hausa da Dandanci da ɗan Faransanci, yana tsaye bakin shinge yana sasanta direbobi da masu kaki. Kowa na amfani da shi, ba wanda ya rubuta sunansa a takardar albashi. Yana ganin shi ma hukuma ne. Ranar da bincike ya zo daga sama, shi za a fara nunawa da yatsa.

17/
Wannan rawar idan ta samu mai rubutu daga cikin gida, uwar yaron za ta yi magana, direban ma zai yi, har mai kwale-kwalen da ke haye Kwara da dare. Ba ta buƙatar kyamarar miliyoyi. Waya biyu, mai ɗaukar sauti da ya san aikinsa, da wanda zai yi wata uku yana gyara rubutu kafin a kunna komai. Wannan na ƙarshen ne kullum ake tsallakewa.

18/
Ku nemi Mister Johnson ku kalla, kamfanin Criterion ya sake fitar da shi a 2015, hoton tsaf. In ba ku da datar kallon duka, ku je wajen ƙarshe, inda Johnson ke lallashin mutumin da zai harbe shi. Sannan ku buɗe Ace Ventura ku sake kallon wurin mashin.