Taswira a Hannun Masu Daji

Bernard Nietschmann, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara ne da nazarin yadda masuntan Miskito ke kamun kunkurun teku a gaɓar Nikaraguwa. Daga baya ya tsaya musu kan ruwansu da ƙasarsu, har wasu suka zarge shi da ɗaukar ɓangare a yaƙin Nikaraguwa na shekarun 1980. A ganinmu, aikinsa mafi nauyi na kudancin Beliz ne, inda ya taimaka wa mutanen Maya suka zana taswirar ƙauyukansu da gonakinsu da hannunsu, aka buga ta a 1997. Da ma da irin wannan takarda ake raba dajinsu ga kamfanonin katako. Ya rasu a 2000.