Waya Ba Ta Gyara Rubutu

A 'yan shekarun nan, duk taron marubuta da mutum ya leƙa, a Kano ne ko Kaduna ko Gusau, sai ya ji ana yi wa wayar hannu kirari: ita ce alƙalami, ita ce maɗaba'a, ita ce kasuwa. Marubuciya za ta rubuta babi da daddare, ta sake shi a zauren WhatsApp da asuba, kafin azahar masu karatu sun turo kuɗi cikin asusunta. Ban musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da nake musawa shi ne da'awar da ke biyo baya, wai marubucin da ke fitar da littafinsa da kansa ya gama haɗa kayan aiki ke nan. Bai gama ba. Kayan da ya fi bukata su ne waɗanda ya fi rainawa, don ba su da ƙyalli.

Da farko, a daina yi mana gorin cewa waya ce ta 'yanta marubucin Hausa. Tun cikin shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanoni irin su NNPC ta Zariya suka karkata ga littattafan makaranta, matasa suka ƙi zaman jira. Suka tara kuɗinsu, suka nufi ƙananan maɗaba'u, suka kai wa 'yan kasuwa. Haka Ado Ahmad Gidan Dabino da abokansa na ƙungiyar Raina Kama suka yi, haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi. Masana suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, wasunsu har da yi masa fatan mutuwa, bai kuwa mutu ba. To, mu magadansu ne, kuma magaji na gari ba ya ɗaukar gona ya bar fartanya.

Fartanyar farko ita ce harafi. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ, kuma ba ado ba ne. Wanda ya rubuta “baki” yana nufin baƙi, ko “kafa” yana nufin ƙafa, ya ɗora wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. Ga kuma masifar raba kalma da haɗe ta: “ya ƙi” daban, “yaƙi” daban, “ba ta” daban, “ɓata” daban. Na sha karanta shafin da jaruma ta ƙi aure, amma marubucin ya tura angon fagen fama saboda tazara ɗaya da ya kasa bari. A zamanin tafireta akwai uzuri, domin sai an bi kowane harafi da biro ana yi masa lanƙwasa. Yau fa? Gboard, wanda ke cikin galibin wayoyinmu, yana da Hausa da haruffanta kyauta, sauya shi bai kai minti biyu ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito tun 2006. Na Bargery, wanda aka buga a 1934, yana intanet ga mai son bincika tsohuwar kalma. Marubuta nawa ne suka taɓa buɗe ɗayansu kafin su saki babi?

Sai mai gyara, wanda shi ne babban abin da muka yar a hanya. Da muka tsallake kamfanin ɗab'i, mun tsallake jinkirinsa da wulaƙancinsa, madalla. Amma a cikin ginin nan akwai mutumin da aikinsa shi ne ya ce maka babi na bakwai ya ƙaryata na uku, ko kuwa wadda ka kashe a Saudiyya ta dawo tana dafa tuwo. Laifi tudu ne, idon marubuci ba ya ganin nasa. Za a ce gyara kuɗi ne, marubuci kuma talaka ne. Gaskiya ne. Amma wanda ya iya biyan mai zanen bango don a ɗora masa hoton 'yar Indiya, bai rasa abin sallamar ɗalibin sashen Hausa ɗaya ba. In ma babu ko sisi, me ƙungiyoyin marubuta suke yi? Musayar rubutu tsakanin mutum biyu masu gaya wa juna gaskiya ta fi walimar ƙaddamarwa goma amfani. Za a kuma ce masu karatu ba su damu ba, labari suke bi. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni takaici, domin yarinyar da ke karanta littafin a ɗakin uwarta, daga gare shi take koyon rubuta harshenta.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990. Bayan shekara 22 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Hakan ya yiwu ne saboda akwai littafin da za a ɗauka da hannu. A ƙarshen Nuwamban 2023 kuwa OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba ayyukansu, ta rufe bayan shekara 10. Zauren WhatsApp bai ma kai ta ƙarko ba: waya ta faɗa ruwa, ko wani ya cire sunanka ya ɗora nasa, shi ke nan. Ɗakin Karatu na Ƙasa yana ba da lambar ISBN, doka kuma ta ce mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku a can. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ke intanet, amma mai ƙara sai da shaida. Ko kwafi hamsin ne, a buga a takarda, a kai uku Ɗakin Karatu, a miƙa ɗaya ga sashen Hausa na jami'a mafi kusa, a ajiye asalin rubutun a wurin da ba wayar ba.