Da ɗan gari akan ci gari: fim ɗin da aka hana mu gani

Duk lokacin da fim ɗin Hausa ya nuna ɗan daba riƙe da wuƙa, hayaniya iri biyu ke tashi, kuma duka biyun sun ishe ni. Ta farko ta masu sharhi ce da jami'an tace finafinai, masu cewa ana koya wa yara ta'asa. Ta biyu ta 'yan kallo ce, masu cika YouTube da kirari ga wanda ya fi iya zare ido da sara. Shirin A Duniya na Tijjani Asase ya sha duka biyun. Wasu sun ce makarantar daba ce aka buɗe a waya, wasu kuma suka mayar da Daddy Hikima, wanda aka fi sani da Abale, gwarzon unguwa, suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa. Tsakanin masu tsinuwa da masu tafi, da wuya ka ji wanda ya tambaya ko labarin ya faɗi gaskiya game da yadda yaro ke zama ɗan daba.

Masu tsinuwar ne ke da hatimi a hannu. A watan Satumba na 2021, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, aka ƙara da masu nuna daba. Tunda a Kano ake shirya mafi yawan abin da muke kallo, dokar Kano ita ce dokar allon wayar mutumin Zamfara.

To bari mu tuna abin da 2021 ta kasance a wurinmu. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A wannan watan ne aka zauna a Kano aka yanke cewa maganin abin shi ne kada a nuna shi a fim. Don Allah wane shiri mutanen da suka je Jangebe cikin dare suka kalla? Makonni muka yi babu intanet, babu YouTube, amma babura ba su daina fitowa daga daji ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba na cewa tsoron iyaye shirme ne. Sana'ata rubuta manhaja, kuma na san abin da injin da ke zaɓo maka bidiyo yake aunawa: tsawon lokacin da idonka ya tsaya, da yawan waɗanda suka tura wa wasu. Bai san darasi ba, bai san ƙarshen labari ba. Sai a yanko daƙiƙa talatin na inda aka zare wuƙa a watsa a TikTok, ya zaga duniya kafin la'asar, amma wurin da uwar yaron ke kuka a bakin ofishin 'yan sanda babu mai yanko shi, domin ba ya kawo mabiya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a Bakura guntun yake gani. Sai dai hanin hukuma bai taɓa wannan guntun ba. Wanda ya taɓa shi ne marubucin da zai zauna ya gina labari daga farko har inda mai laifi zai girbi abin da ya shuka.

Akwai nau'in fim da ya fi kowane dacewa da halin da muke ciki, wato labarin jami'in da ya ɓad da kama ya shiga cikin miyagu. Ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Iyayenmu sun kalli Don na 1978, inda Amitabh Bachchan ya fito a talakan da 'yan sanda suka tura ya maye gurbin shugaban 'yan fasa-ƙwauri. Amma wanda nake so masu hani su nema shi ne Donnie Brasco na 1997. Labarin gaske ne na Joseph Pistone, jami'in FBI da ya shafe shekaru, daga 1976 zuwa 1981, cikin gungun Mafiya na gidan Bonanno a Amurka, aikin da ya kai ga ɗaure fiye da mutum 100. Masu sharhi sun yabe shi, 'yan kallo sun biya kuɗi sun cika sinima, har aka sa marubucinsa cikin 'yan takarar kyautar Oscar. Me suka gani? Al Pacino ya fito a Lefty, tsohon ɗan ta'adda da ya kashe mutane da yawa amma bai tara komai ba, kullum cikin bashi, har akwai inda yake dukan akwatin kuɗin ajiye mota don ya kwashe silalla. Babu yaron da zai gama kallon wannan ya ce Lefty yake so ya zama. Kuma abin da ke riƙe fim ɗin amana ce: tsohon ya tsaya wa baƙo, ya kai shi gidansa, ya ci abinci da shi, alhali ya san a ƙa'idarsu wanda ya shigo da ɗan leƙen asiri ransa ne fansa. Jami'in kuma yana aikin gaskiya, amma sai ya ci amanar mutumin da ya ƙaunace shi kafin ya gama.

A nan wurinmu labarin a juye yake, kuma ya fi wancan ɗaci. Mutumin ciki namu ba hukuma yake yi wa aiki ba. Sunansa infoma. Shi ne ya san wanda ya sayar da sa a kasuwar Talata, da wanda ya kwashe shinkafa a gonakin Bakolori, da daren da mai gida zai kwana a ƙauye. Gwamnati da kanta ta amsa cewa daga gari ake ciyar da daji, ranar da ta rufe kasuwannin mako ta hana sayar da fetur a jarka a 2021. Infoma yana sahu ɗaya da kai a masallaci, yana zuwa yi maka jaje, wataƙila ma da shi za a tara kuɗin fansa. Me ya kai shi? Talauci ne, ko an riƙe ɗansa ne, ko tsohuwar gaba ce ta gona? Ga kuma ɗaya gefen, wanda ba mu cika son faɗa ba: kalmar nan ta zama makami. Ya isa mutum ya nuna maƙwabcinsa ya ce infoma ne, kafin a yi bincike an gama da shi. Wane marubuci ne zai ga wannan bai ji hannunsa na ƙaiƙayi ba?

Wanda ya gwada nuna cikin dajin ya ga sakayya. A Yulin 2022 BBC ta fitar da binciken Yusuf Anka, ɗan Zamfara, wanda ya shiga har wurin 'yan bindiga, ciki har da wanda ya ce da hannunsa a satar Jangebe. A watan Agusta hukumar NBC ta ci tarar kamfanonin da suka haska shi naira miliyan biyar-biyar, ta ci Trust TV irin wannan tarar kan nata binciken. Laifin dai shi ne wancan, wai ana ɗaukaka 'yan ta'adda. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu kuwa, a waya muka riƙa tura wa juna shi.

Abin takaici, Bakura ta ba Zamfara Yarima, Mafara ta ba da Yari, Maradun ta ba da Matawalle. Mun iya fitar da gwamna, amma labarinmu har yau sai dai wani ya ba da shi, ko a ce kada kowa ya bayar.

Aikin hukumar tace fim shi ne ta kalli fim. Ta zauna da shi daga farko zuwa ƙarshe, ta ce wannan wurin ya mayar da kisa abin ado a cire shi, wancan ya nuna dabarar da ba ta kamata a koyar ba a gyara. Wannan aiki ne mai cin lokaci, yana buƙatar masu karatu. Hana maudu'i gaba ɗaya kuwa sanarwa ɗaya ce a rediyo. Yau idan wata yarinya da ta tsira daga Jangebe ta girma ta rubuta labarin mutumin da ya nuna hanyar ɗakin kwanansu, ta kai wa furodusa a Kano, zai karanta ya yaba, sannan ya ce mata ba zai zuba kuɗinsa a abin da ba za a sa wa hannu ba. Zai ba ta shawara ta cire dajin, ta cire makarantar, ta mayar da infoman kishiya.