An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kowace shekara huɗu ƙasashen duniya su kan taru a wani babban birni su yi wasannin da a ke kira Olimfik, inda samari da 'yammata su ke gwada gudu da tsalle da iyo da kokawa. Wanda ya yi na ɗaya a kan rataya masa lambar zinariya, sa'an nan a ɗebi fitsarinsa ko jininsa a kai ɗakin awo. In an tarar ya sha maganin ƙarin ƙarfi da aka hana, sai a ƙwace lambar, a kore shi daga wasa har wasu shekaru. Wannan doka daidai ce, gama wanda ya ci da magani ya cuci wanda ya ci da guminsa. Amma akwai tambaya ɗaya da masu hukunci ba su cika son a yi musu ba, ita ce kuwa, wa ya ba shi maganin? Ɗan wasa ba shi da ma'aikatar harhaɗa magunguna a ɗakinsa. Akwai likitan da ya auna, da mai horon da ya miƙa, da shugaban da ya ce a yi. Su ne jakin, yaron taiki ne kawai, shi kuwa a ke ta duka.

Bari mu duba abin da ya faru a Jamus ta Gabas, don babu inda wannan ɓarna ta fito fili kamar can. Bayan yaƙin duniya na biyu an raba Jamus biyu, ta Gabas kuwa mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba. Duk da haka a wasannin birnin Mantiriyal na ƙasar Kanada, cikin 1976, ta kwashe zinariya 40, ta wuce Amurka mai 34. A wasan iyo na mata an yi gasa 13, 'yammatanta suka ci 11. Duniya ta yi ta mamaki, har waɗansu suka ce lalle akwai lauje cikin naɗi, amma awo bai kama kowa ba.

Ashe tun 1974 gwamnatin ƙasar ta tsara abin a ɓoye, ta sa shi cikin shirye-shiryenta kamar yadda a ke shirin gina hanya. Ana zaɓen yara tun suna ƙanana a kai su makarantun wasanni, a riƙa ba su waɗansu ƙwayoyi shuɗɗa ana ce musu na gina jiki ne. Sunan ƙwayar Oral-Turinabol, wani kamfani Jenapharm ya ke yin ta. Aikinta a jiki irin na sinadarin nan ne da ke sa yaro ya zama namiji sa'ad da ya balaga, watau nama ya ƙaru, gajiya ta wartsake da wuri. To, mai karatu, ka auna abin da zai sami yarinya 'yar shekara goma sha uku in aka ɗura mata wannan shekara da shekaru. Muryoyinsu suka yi kauri, gashi ya fito musu a fuska, hantar waɗansu ta lalace, waɗansu kuma suka sha wahala wajen haihuwa. An kiyasta waɗanda aka ba sun kai wajen 10,000.

Dubi kuma iyakar wayon. Suna da ɗakin awo nasu a garin Kiraisha, kusa da Diresdin. Kafin a fita da ɗan wasa ƙasar waje sai an auna fitsarinsa a can, in maganin bai gama fita ba a ce ya ji ciwo, ya zauna gida. Ilmin da aka koya don tsare lafiya shi aka juya aka mai da shi mayafin cuta.

Da aka sake haɗe Jamus cikin 1990, takardun asiri suka fito, wani masani Werner Franke da matarsa Brigitte Berendonk suka tono su, aka buga littafi cikin 1991. Sai a shekarar 2000 aka gurfanar da manyan masu laifin biyu gaban alƙali a Balin, su ne Manfred Ewald, shugaban wasannin ƙasar, da Manfred Hoeppner, babban likitan shirin. An same su da laifi. Me aka yanke musu? Na farko wata 22, na biyu wata 18, duka kuma ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, watau daga kotu gida suka nufa. Matan da suka zo ba da shaida kuwa, ɗaurinsu a jikinsu ya ke, babu ranar kwancewa. Daga baya gwamnatin Jamus ta biya waɗansunsu diyya, wajen Yuro 10,500 kowace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon labari ne na ƙasar da ta shuɗe. A shekarar nan ta 2000, a wasannin birnin Sidini, wata yarinya 'yar Romaniya, Andreea Raducan, mai shekara 16, ta ci zinariya a wasan alkafura da tsalle-tsalle. Mura ta kama ta, likitan ƙungiyarsu ya ba ta ƙwaya biyu, ashe akwai abin da aka hana a ciki. Masu hukunci da bakinsu suka ce ba ta yi nufin maguɗi ba, amma suka karɓe lambar. An dakatar da likitan shekara huɗu, ita kuwa zinariyarta ta tafi ke nan. Haka kuma Kamila Valieva ta Rasha, mai wasan sulɓi a kan ƙanƙara. Tana da shekara 15 aka sami wani maganin ciwon zuciya a fitsarinta na ranar 25 ga Disamba, 2021. Cikin Janairu 2024 kotun wasanni ta hana ta wasa shekara huɗu, a wannan hukunci kuwa sunanta kaɗai aka kira, alhali yarinya ce da manya su ke kewaye da ita dare da rana.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce dole kowane ɗan wasa ya ɗauki alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, don in aka buɗe ƙofar uzuri, kowa zai ce likita ne ya ba shi bai sani ba. Gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari, akwai manyan 'yan wasa da su ke neman maganin da kuɗinsu, idonsu biyu. Ban ce a ƙyale su ba. Abin da na ke cewa shi ne, ma'aunin da a ke auna ɗan wasa da shi ya fi wanda a ke auna mai ba shi nauyi nesa ba kusa ba. Ga misali daga gida. Blessing Okagbare, gwanar gudu ta Nijeriya, babba ce mai hankalinta, an cire ta daga wasannin Tokyo cikin 2021, daga bisani aka hana ta wasa shekara 11, wanda ga mai gudu daidai ya ke da sallama ta har abada. Mutumin da ya sayar mata da maganin, Eric Lira na jihar Tekzas, an kama shi bisa wata doka da Amurka ta kafa cikin 2020 don hukunta irinsa. Ya amsa laifinsa, cikin 2024 aka ɗaure shi wata uku. Shekara 11 a nan, wata uku a can.

Dalilin wannan bambanci a bayyane ya ke. Hukumar WADA, wadda aka kafa cikin 1999 don yaƙi da wannan maguɗi, ba ta da 'yan sanda, ba ta da gidan yari. Iyakar ƙarfinta ta sa a hana mutum shiga filin wasa. Hana fili kuwa ɗan wasa ya ke kashewa, gama likita ya kan koma asibitinsa ya ci gaba da sana'a. Fitsari kuma sunan mai shi kaɗai ya ke faɗa, ba ya faɗin hannun da ya miƙa ƙwayar. Kama yaro da kwalba aiki ne mai sauƙi, bin sawun manya kuwa yana bukatar bincike da ƙarfin hali, shi ya sa a ke gudunsa.

Saboda haka abu uku su ka wajaba a kan kowace ƙasa. Na ɗaya, likitan da ya ba lafiyayyen mutum magani don ya ci gasa a karɓe masa takardar aikin likita, don ya ci amanar sana'arsa. Na biyu, ba yaron da bai kai shekara 18 ba irin wannan magani a ɗauke shi laifin cutar da yaro, a kai mai shi kotu, ya yi zaman gidan yari na gaske. Na uku, duk sa'ad da aka kama ɗan wasa, kada a rufe shari'ar sai an binciki mai horonsa da likitansa da shugabanninsa.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta shiga hannun masu horo, ku riƙa tambaya. Duk ƙwayar da aka ba yaro a faɗa muku sunanta, ku sa a rubuta muku, ku kai wa wani likita dabam ya duba. Yanzu kun iya karatu, kada a sake ce muku na gina jiki ne ku yi shiru. Lambar zinariya a kan ci ta cikin daƙiƙa goma, hanta kuwa ɗaya ce, da ita za a tsufa.