Ɓarayin kamfanoni sun daina fasa ƙofa, da makulli suke shiga

Yau sharhinmu ya shafi makullan kamfanoni. Ba na ƙarfe ba, a'a, suna da lambar sirri da ma'aikaci ke bugawa kafin kwamfuta ta yarda da shi.

Mu ɗauki abin da ya faru a Amurka ranar 7 ga Mayun 2021. Kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man fetur daga Texas zuwa yankin New York, ya tsayar da aiki na kwana biyar. Shi ke kai kusan kashi 45 cikin ɗari na man gabashin ƙasar, sai ga dogayen layuka a gidajen mai. Ta ina ɓarayin suka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, amma ba a rufe ba. Lambar sirri guda ce ke tsaronsa, babu tambaya ta biyu. Kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4, wato sama da miliyar 2 na sefa.

To, ba mutane kaɗai ke riƙe makulli ba. A kamfani, manhaja ma tana da nata suna da izini, don ta yi magana da wata manhajar ba tare da mutum ya taɓa komai ba. Ita ba ta tafiya hutu, ba ta ritaya, shi ya sa ake mantawa da ita. A Janairun 2024 Microsoft ya sanar cewa wasu masu kutse da ya danganta da Rasha sun shiga ta wani asusun gwaji, suka hau kan wata tsohuwar manhaja mai babban izini, har suka karanta saƙonnin manyan kamfanin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin ba boyayye ba ne. Kamfani ya san adadin makullan da ya raba, na mutane da na na'urori. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ran nan. Kowa a ba shi izinin aikinsa kaɗai: mai gadi ba ya buƙatar makullin ɗakin kuɗi. Sannan bayan lambar sirri a ƙara wata shaida ta biyu, a riƙa sauya makullan na'urori lokaci zuwa lokaci. Wahalar ita ce aikin ba ya ƙarewa, kuma ba a ganin ribarsa sai ranar da masifa ta wuce ta bar ka.

Wani zai ce, mu a ƙauye ina ruwanmu? Da ruwanmu. Kuɗin da ɗanka ya aiko daga Abidjan ko Aljeriya ta cikin irin waɗannan kwamfutoci yake bi kafin ya iso Maradi ko Tawa. In makullin kamfani ya faɗa hannun ɓarawo, kuɗin cefane ne ke tsayawa.

Namu makullin shi ne lambar da ke zuwa a salula. Duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a karanta masa ita, a kashe waya. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta.